Ranar da Muka Ɗaga Nijar daga Gindin Mangwaro

Ni dai ba maso ba ne, wato magini, kuma ban taɓa cewa ni maso ne ba, sai sau ɗaya ko biyu a gaban mutanen da ba su san ni ba. Tuƙi na yi har gemu ya yi fari. Lakwal kuwa, makarantar boko, na yi ta a garinmu can wajen Maradi, har na iya karanta allon bakin hanya, na kuma iya nuna Agadas a taswira da tsinin sanda. Daga nan ni da mushe, malaminmu, muka rabu lafiya, kowa ya huta. Amma duk wanda ya shigo gidana a unguwar Gamkalle ta Yamai ya taka dutsen da ke shimfiɗe tun daga zaure har gindin mangwaro, ya sani aikin injiniya yake takawa, ya ɗan rage sauri.

Abin ya faro ne daga fadarmu, wato rumfar da muke zaman shayi da dara tun daga hantsi har la'asar sakaliya. A jikin katangar wani fili take, bakin gudoro, titin kwalta, kuma mun daɗe a wurin har mun fara zaton gado muka ci. Sai wata safiya magadan gaskiya suka zo da mai awo, suka gaishe mu da ladabi, suka ce shaguna za su gina. Kafin sati ya zagayo an kwashe rumfa.

Masu faɗa a ji a fadar ba su da yawa. Akwai babbanmu, tsohon tela Badamagare wanda ya yi zamaninsa a unguwar Kalle, mutumin da idan ya ce gobe Talata to ko Juma'a ce sai ka yi shiru. Akwai wani Ba'adare da ya ƙare ƙarfinsa a aikin maso. Sai Bazabarme, tsohon ma'aikacin likita, wanda Allah ya haɗa ni da shi don a gwada haƙurina. Ni Bagobiri ne, kowa kuma ya san abin da ke tsakaninmu da Zabarmawa: ya ce ni bawansa ne, na ce shi nawa ne, kuma har yau ba a samu alƙalin da ya raba ba. Sauran ƴan kallo ne da ƴan shan kofi na uku.

Da aka zauna shawarar inda fada za ta koma, Bazabarme ya yi wuf ya miƙa garkarsa ta Saga, can bayan gari kusa da gonakin shinkafa. Ya ce iska can kamar ta Aljanna, ni kuwa na ce sauron can ma haka. Na miƙa gidana, tunda ina da mangwaro mai inuwa. Tela ya dube ni ta saman tabarau, ya tuna mini ranar sunan jikata, lokacin da takalminsa ya nutse a lakar tsakar gidana, ya koma gida ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Gaskiya ce, ƙasar Gamkalle idan ta ji ruwa ba ta san babba ba. Ya yanke cewa in na iya maganin lakar kafin sanyi ya shigo, fada ta zo gidana. In ban iya ba, Saga.

Na yi dariya tare da kowa, amma dariyar ta fatar baki ce. Gwiwata ta hagu ta ƙare wajen taka ambiriyaj, kulocin mota, ba ta kai ni ko masallacin Juma'a sai da tsayawa. Ƴaƴana sun hana ni hawan kabu-kabu, sun ma haɗa baki da masu babur na unguwa. Idan fada ta koma Saga, to ni da ita sai a biki ko gaisuwar rasuwa. Tsoho kuma idan aka ɗauke masa wurin da ake yi masa gardama, me ya rage masa? Rediyo ba ya amsa magana.

A nan na tuna da wani Bature da na yi wa tuƙi a unguwar Filato. Yana da teras a cikin lambunsa, duk faffaɗan dutse, kowane da siffarsa, an haɗa su kamar fatar kunkuru. Shekaru na yi ina wanke mota ina kallon wurin nan ta gefen ido. Ruwa zai sauka kamar da bakin ƙwarya, yana ɗaukewa sai ka ga matar gidan ta fito da farin takalmi ta zauna. Na ce to, abin da Bature ya yi da dutsen ƙasarmu, Bagobiri ma ai zai iya.

Na je wa matata Hajiya da maganar ina shirin dogon jawabi, sai ta amince tun ban kai rabi ba, har na ji haushi. Ashe ita ta fi kowa gajiya da lakar. Sharaɗinta guda ne, kada a taɓa mata lemun tsami da zogalenta da ke jikin katanga.

Ni da Ba'adare muka ƙetare gada zuwa wurin masu sayar da dutse. Ban taɓa sanin dutse yana da kasuwa haka ba. An jingina su layi-layi, akwai ja-ja, akwai ruwan toka, akwai mai kalar kunun gyaɗa. Ba'adare yana bi yana ƙwanƙwasa su da ɗan ƙarfe. Wanda ya yi ƙara ras, namu ne. Wanda ya amsa a dakushe, ya ce wannan ɓarewa zai yi kamar albasa. Ni ma na karɓi ƙarfen ina ƙwanƙwasawa ina kaɗa kai, ko da yake duk ɗaya nake jin su.

Can a ƙarshen layi na gan shi. Wani falalen dutse ne, faɗinsa ya kusa tabarmar mutum biyu. Na tsaya, na ja baya, na karkata kai. Wallahi taswirar Nijar ce. Ga faɗin nan na gabas ta wajen Bilma, ga wutsiyar nan ta yamma inda Yamai take, kuma abin da ya sa tsigar jikina ta tashi, wata farar jijiya ta ratsa wutsiyar daidai inda gulbi ya bi. Na kira mai dutsen na nuna masa Agadas. Ya ce shi bai sani ba, amma tunda ƙasa guda ce sai in ƙara wani abu. Ka ga abin da ilimi ke jawo wa mutum. Ƙarti suka ɗora shi a sharet, amalanken jaki, shi kaɗai, jakin ya waiwayo ya dube ni, na kau da kai.

Aka kawo jar ƙasa, aka kawo yashi kamiyo guda, cikin babbar mota, aka juye a gindin mangwaro, tunda nan ne da wuri. Washegari da hantsi sai ga tela ya shigo da sandarsa, wai ya zo duba aiki. Bayansa Bazabarme, wai ya zo ganin yadda Bagobiri zai binne kansa. Bayansu sauran jama'a da butar shayi. Tela ya zagaya, ya yi gyaran murya, ya zauna a gefen tarin yashi. Ban ankara ba ya baje wuri da tafin hannu, ya soma huda gurabe da ɗan yatsa, ya zaro ƙullin tsinkayensa daga aljihu. Bazabarme ya zazzage ƙwallayen dabinonsa. Dara ta kankama.

Daɗin da na ji a ranar ba ya faɗuwa. Ko dutse ɗaya ba a aza ba, ga fada ta tare a gidana da ƙafarta.

Mun fara da kwashe laka, muka zuba jar ƙasa, aka yayyafa ruwa aka daddaɓe. Hajiya ta leƙo ta ce wannan ai daɓe ne irin na iyayenmu, sai dai su da waƙa suke yi kuma ba su tsayawa shan shayi. Ba'adare ya kafa turaku ya ja igiya, ya ɗauko wani siririn tiyo ya cika shi da ruwa, ni na riƙe baki ɗaya shi ɗaya, muna duba inda ruwan ya tsaya don a san tudu da gangare. So muke ruwan sama ya gangara ya shayar da lemun Hajiya, ragowar ya fice ta kafar da ke gindin katanga. Na yi wa ƴan kallo bayanin wannan hikima da Faransanci, Bazabarme ya roƙe ni in mayar da ita Hausa don Faransawa su samu barci.

Sai shimfiɗa yashi, sai aza dutse. Nan ne daɗin yake. Dutsen Allah ba bulo ba ne, babu biyu masu kama ɗaya. Za ka ɗauki wannan ka juya shi, ka kifa shi, ka kai shi can ka dawo da shi, ya ƙi zama da maƙwabcinsa. Sai can ka hango wani da ka raina tun safe a jingine, ka kawo shi, ya faɗa wurin cif kamar don nan aka halicce shi. Duk sanda haka ta faru sai na yi kabbara, ƴan dara su ɗago kai. Idan dutse ya zauna sai a bubbuga shi ya nutse a yashi, a hau a taka a ji ko yana rawa. Ba mu da gudumar roba, saboda haka na aro taɓaryar Hajiya ba tare da na dame ta da tambaya ba. Da ta gane, maganar da ta yi ba ta shiga littafi.

Kowa a fadar ya zama gwani. Tela ya ce a sa jajaye a baki kamar yadda ake yi wa riga dajiya. Bazabarme ya ɗauko wani mai zane-zane a fuska ya ce a sa wannan kusa da ƙofata, ɗan'uwana ne, ga tsagen gidanmu nan. Na ce a kai shi bakin makewayi inda baƙi daga Saga suka fi zama. Ba'adare kuwa rabin hankalinsa na kan igiya rabi na kan dara. Yana tsugune da cokalin gini a hannu zai yi ihu wa wani ya toshe gurbin can kafin a jera masa uku.

Kullum tarin yashi yana raguwa, ƴan dara suna matsawa. Dutse ya ci gabas, suka koma yamma. Ya ci yamma, suka takure a jikin kututturen mangwaro. Babu wanda ya lura, ni ma ban lura ba, kuma ina so a rubuta cewa ba ni kaɗai ke da ido a gidan ba.

Nijar muka bari ta ƙarshe. Wurinta na zaɓa tun ranar farko: tsakiyar inuwa, inda rana ba ta leƙawa tun hantsi har la'asar. Da yake ƙasanta ba daidai yake ba, Ba'adare ya zurfafa ramin ya zuba mata yashi mai kauri. Muka kira samarin unguwa suka kama, ni ina ba da umarni, don a tabbata gabas ta dubi gabas. Ba zan yarda a ce a gidana Bilma ta koma wajen Tillaberi ba. Da ta zauna, sai da na juya baya na share ido, na ce ƙurar sima ce, simintin da muke aiki da shi.

Ragowar yashin aka kwaɓa da sima aka cike tsakanin duwatsu. Ina tuna shebur na ƙarshe, don daga ƙarƙashin wasan tela aka ɗebe shi. Ya tattara tsinkayensa ya ce ba komai, sa ƙarasa a sabon wuri. Kwanaki muka yi muna yayyafa ruwa safe da yamma, ba mai takawa. Da ya bushe Hajiya ta share, ta wanke, ta sake sharewa, har ba ka samun ƙwayar yashi ɗaya ko ta magani.

Ranar buɗewa na sa babbar riga. Hajiya ta yi dambu, ta kwaɗa zogale don Bazabarme kada ya ce an ware shi. Bayan azahar jama'a suka cika gida. Na sa aka kawo bokitin ruwa na sheƙa a tsakiya, kowa yana kallo. Ruwan ya tsaya kamar yana tunani, sannan ya kama hanya sumul ya nufi lemu. Aka yi ta barka. Tela ya taka ko'ina da takalminsa, ya duba ƙasansu, ya ce babu laifi, wanda a bakinsa daidai yake da lambar girma. Aka shimfiɗa tabarmi kewaye da Nijar, aka ɗora shayi. Ni kuwa ina ta kai da kawo, gwiwar ma na manta da ita.

Aka sha kofin farko. Tela ya gyara zama, ya zaro tsinkaye. Bazabarme ya zazzage ƙwallayen dabino. Tela ya miƙa hannu ya shafa gabansa yadda ya saba, ya miƙe ɗan yatsa ya dangwala.

Yatsa ya tsaya a kan Agadas.

Ya sake dangwalawa a gefe. Sannan ya ɗago ya dubi gabas, ya dubi yamma, mu ma muka bi shi da kallo. Daga zaure har katanga dutse ne fes, yana ƙyalli. Mutum goma sha wani abu, duk masu furfura, mun yi makonni muna dara a kan yashin aikin nan, mun binne shi da hannunmu muna ba da shawara.

Na yi maza na ce abu mai sauƙi ne. Na ɗauko gawayi na zana gidaje a kan dutse. Tela ya aza tsinke, ya kwanta, iska ta mirgina shi. Ya ce dara ba rubutu ba ce, tsinke sai ya tsaya da ƙafarsa. Na ce a ɗebo ƙasa a faranti. Ya ce shekarunsa sun wuce a gan shi durƙushe gaban faranti kamar mai tallar gyaɗa. Wani ya ce a zuba yashi a kan teras, Hajiya ta yi tari daga madafa, maganar ta mutu. Gindin lemu nata ne, kuma babu inuwa. Ƙofar gida kuwa rana ce da babura.

Bazabarme ya bari sai da muka gama, sannan ya soma mayar da ƙwallayensa aljihu ɗaya-ɗaya, a hankali, don in gani.

"Bawana, ka yi ƙoƙari," in ji shi. "Wuri ya yi kyau. Ranar Salla za mu riƙa zuwa muna kallo. Jama'a, gobe da hantsi a Saga, yashi har gwiwa."

Na ɗauka za a yi dariya a wuce. Sai na ga mutane suna laluben takalma. Tela ya ɗaure tsinkayensa da zare ya jawo sanda. A nan na san da gaske ne.

Na ce, "Yaya, tsaya. In aka cire dutse ɗaya aka bar muku yashi fa?"

Ya ce in haka ne da magana. Na nuna masa wasu ƙanana biyu a bakin zaure, ya ce can rana take kwana. Na nuna wani ja kusa da randa, ya ce nan mata ke wucewa. Ya ɗaga sanda ya dubi rassan mangwaro, ya bi inuwar da ido, ya sauke bakin sandar a hankali. Kowa ya san inda ta sauka.

Na ce wannan ai ƙasa ce guda, ba a taɓa ta. Na fara bayanin jijiyar gulbi. Ina cikin yi Hajiya ta fito tana goge hannu da zane. Na ji sanyi a raina, don na san ita ta fi kowa son dutsen nan, a kansa take shanya kuɓewa. Ta gaida tela, sannan ta juyo gare ni.

"Malam, in suka tafi, wa za ka riƙa nuna wa Agadas? Ni dai na gani, ya ishe ni. Ku ɗaga shi tun da sauran rana."

Ban san lokacin da na tuɓe babbar riga ba. Na aika aka ɗauko wa Ba'adare gudumarsa da ƙarfe mai baki, ya bi gefen dutsen yana fasa sima a hankali, ni ina binsa ina roƙo ya yi sannu wajen iyakar kudu, can ne garinmu. Na jawo wani tsohon ƙarfen resor, mai ɗaukar nauyin kamiyo, da na ajiye tun ina aiki, wanda Hajiya ta sha cewa in sayar, muka cusa a ƙarƙashi muka danna. Dutse ya yi ƙara, ya motsa. Gida ya kaure, kowa yana ba da umarni babu mai ji. Waɗanda suka sa takalmi suka tuɓe. Sai ga Bazabarme ya naɗe hannun riga ya ture ni, wai wutsiyar yamma ƙasar kakanninsa ce, ba Bagobirin da zai kama ta. Na tuna masa cewa shi ke cin riba in dutsen ya ƙi tashi. Ya ce in rufe baki in kama gabas, shi ba zai iya dara a wurin da babu wanda zai cinye kullum ba.

Mu tsofaffi muka ɗaga shi, babu saurayi ko ɗaya. Da nishi, da salati, da wani da ya saki ya kama ƙugu, muka ja shi taku-taku muka aza a kan bulo a gefen inuwa. Muka juyo muna haki.

Ga rami nan mai siffar Nijar sak, cike da yashi mai laushi, da ɗan danshinsa, a baje sumul kamar an goge. Yashinmu ne, wanda muka yi ta wasa a kansa, yana kwance yana jiranmu. Tela ya aje sanda, ya durƙusa, ya dangwala yatsa. Ya shige har gaɓa ta biyu. Ya kafa tsinke, tsinke ya tsaya. Ya ce wa mai shayi ya ɗora na biyu, ya soma huda gurabe.

Wasan farko ni da Bazabarme aka ba, tunda gidana ne. Ya cinye ni tas kafin kiran la'asar, amma kowa ya shaida nauyin da na ɗauka ne ya jawo.

Washegari ya zo da buhun yashi daga Saga a bayan babur, ya juye a ramin, ya ce daga yau wurin nan ƙasarsa ce, in zan shiga sai da izini. Har yanzu duk bayan damina sai ya kawo sabo. Dutsen kuwa yana nan kan bulo, ya zama wurin zama. Mai shayi yana aza kaskonsa wajen Bilma. Bazabarme, wanda ƙafarsa ke kai shi ko'ina a gidan, bai ga wurin zama ba sai daidai kan Maradi. Na yi magana har na gaji, ya ce nan ne ya fi laushi.